Tambaya da Amsa: Wai da gaske a fagen fama aka kashe bos ɗin Gladiator?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a raba mu gardama. A majalisarmu ta gun mai shayi muka sake kallon fim ɗin Gladiator, ni na ce yadda akta ya rama ya kashe bos a ƙarshe haka abun ya faru tunda ai tarihin Rum ne, abokina ya ce ƙarya ce tsagwaronta turawa suka shirya. Waye mai gaskiya?
Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sai dai ka yi haƙuri, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma shima ya zarce da ya ce duka ƙarya ne.

Bos ɗin, wato Commodus, an yi shi da gaske. Ɗan sarki Marcus Aurelius ne, ya yi mulkin Rum shi kaɗai daga shekara ta 180 zuwa 192 miladiyya. Aktan ne babu shi, Maximus ƙirƙirarsa aka yi don fim ɗin da Ridley Scott ya fitar a 2000, Russell Crowe ya fito a aktan, Joaquin Phoenix kuma ya fito a bos. To mutumin da ba a taɓa haifa ba ina zai kashe sarki?

Ka tuna yadda suka shirya wajen. Maximus na ɗaure, Commodus ya zo ya rungume shi kamar abun arziki ya soka masa wuƙa, ya sa aka rufe ciwon da sulke don kar jama'a su gani, sannan aka fito da su fili. Ana cikin sara takobin bos ya faɗi ƙasa, ya shiga ihu a miƙo masa wani, shugaban dogarai ya ce kowa ya mayar da nasa kube, sai ya zaro wata wuƙa da ya ɓoye, akta ya murɗe hannun ya juya masa ita a maƙogwaro a hankali suna kallon juna ido cikin ido. Wallahi wajen ya haɗu, ba zan hana su yabonsu ba, duk wanda ya ga yadda aka kashe wa Maximus mata da ɗa tun farkon fim wannan minti ɗin yake jira.

Na gaskiyar kuwa mutuwarsa ba ta da ko ƙamshin jarumta. Ranar 31 ga Disamba 192 mutanen gidansa ne suka haɗa baki, har da shugaban dogaransa Laetus, ƙwarƙwararsa Marcia ta sa masa guba, Allah bai yi ta nan zai tafi ba ya amayar da ita, sai suka tura masa wani ɗan kokawa mai suna Narcissus wanda dama shi yake yin atisaye da shi, ya same shi a wajen wanka ya shaƙe shi. Yana da shekara 31. Ba takobi, ba ƴan kallo.

Inda abokinka zai sassauta shine maganar shiga fili. Commodus ya riƙa shiga fagen yana faɗa a gaban jama'a da gaske, yana kashe zakuna da jiminai, yana ɗaukar kansa Hercules, wani jarumi mai ƙarfi na tatsuniyoyinsu, har sunan birnin Rum da na watanni ya canza zuwa nasa. Amma fa faɗan dama shiri ne, wa zai yi gangancin cin sarki? Kamar a sa ka dambe da mai gidan da kake haya ne, kai ma ka san faɗuwa za ka yi.

A nawa ganin fim ɗin ma gata ya yi masa. Marubuta sun san mai kallo ba zai yarda ya zauna sama da awa biyu yana tara haushi, sannan a ce wani can da ba a sani ba ya gama da bos a banɗaki. Dole wanda aka zalunta shi zai rama da hannunsa, kuma takobi ya fi bindiga daɗin kallo a nan saboda sai an matso kusa, kana ganin tsoro a fuskar mugun. Shi ya sa a finafinan Indiya da na Chaina ma za ka ga akta da bos sun watsar da yaransu sun yi gaba da gaba.

Sauran wuraren da suka murɗa: ba wata shaida cewa Commodus ne ya kashe babansa, abun da aka fi sani rashin lafiya ce ta ɗauke Marcus Aurelius a 180. Yayarsa Lucilla da ka gani da ranta a ƙarshen fim, ta shirya masa juyin mulki a 182, asiri ya tonu, ya kore ta zuwa tsibirin Capri daga baya ya sa aka kashe ta. Kuma mulki bai koma hannun majalisa ba yadda fim ya nuna, wani mai suna Pertinax ne ya hau, wata uku bai cika ba dogarai suka kashe shi, a shekarar 193 kaɗai mutum biyar ne suka yi iƙirarin sarautar Rum.