Tambaya da Amsa: Furfurar Mulki, da Batun Wane ne Kawu

Tambaya: Na ga hoton Obama ranar da aka rantsar da shi a 2009, na ga na 2017 da zai sauka, kai ya cika da furfura. Da gaske mulki yana tsofar da mutum?

Amsa: A fara da lissafi. Obama ya hau yana da shekara 47, ya sauka yana da 55. Shekarun da furfura ke bazuwa ke nan a kan yawancin maza, ko da mulki ko babu.

Amma damuwa ba ta fita da hannu fari ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard suka gwada a kan ɓeraye, suka ga tsananin damuwa na sa jijiyoyi su zuba sinadarin noradirenalin a gindin gashi. Wannan ne ke ƙarar da ƙwayoyin ajiya masu samar da launi, sai gashin da ya biyo baya ya fito fari. Ɓera dai ba shugaban ƙasa ba ne.

Batun tsawon rai ya fi rikitarwa. Binciken masanin tsufa Jay Olshansky na 2011 ya duba shugabannin Amurka 34 da ba kashe su aka yi ba, ya tarar 23 sun wuce shekarun da ake sa ran za su kai da a ce mulki na saurin tsofar da mutum. Dukiya, ilimi da likitoci na kusa sun taimaka. Sai mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani a 2015 wanda ya kwatanta zaɓaɓɓun shugabanni a ƙasashe 17 da waɗanda suka zo na biyu a zaɓe: tsawon ran masu nasarar ya gaza na waɗancan da kusan shekara 2.7. Mu mun fi gamsuwa da wannan, domin ya auna babba da babba ne, ba babba da talaka ba.

Tambaya: Ni uwa ce. 'Yata ta tambaye ni me ɗan kawuna yake gare ta, na rasa amsa. Kusan sa'anni ne.

Amsa: Kawunta ne, Hajiya. Abu biyu ake dubawa: ta wane ɓangare dangantakar ta biyo, kuma a wane layi mutumin yake. Ɗan kawunki layinku ɗaya, taubashinki ne, don haka yana sahun iyayen 'yarki. Tunda ta wajen uwa ya biyo, kawu ne. Da ta wajen mahaifinta ne, baffa za ta ce. Mace a wannan sahu inna ce ta wajen uwa, gwaggo ta wajen uba.

Inda ake kuskure shi ne auna shekaru. Ko a goye yake, kawu ne. A wasu kare-karen Hausa kuma kawu kan ɗauki ɓangarorin biyu, sai a bambance da cewa “na wajen uba”.