Kwas ɗin Turanci na wata ɗaya a Ingila: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina. Rubutun Turanci ina taɓawa, amma in aka zo magana sai harshena ya sarƙe. Kawuna ya ce zai biya mini kwas na wata ɗaya a Ingila tsakanin Yuli da Agusta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka wa kawu da alheri.

Fara duba kalandar jami'arku, domin hutun Turawa na Yuni zuwa Agusta yakan faɗo daidai lokacin da ake tsakiyar karatu ko jarrabawa a nan. In ya yi daidai da hutunku, abin da zai fi cin lokacinka biza ce, ba makaranta ba.

Kwas ɗin da bai wuce wata 6 ba, da bizar ziyara ake yinsa, muddin makarantar tana cikin waɗanda aka tantance. Nemi sunanta a jerin da British Council, hukumar Birtaniya mai kula da ilimi da al'adu, ke fitarwa. In ba ta ciki, bar ta, komai arharta. Ana iya neman bizar tun saura wata 3 a tafi, amsa kuma takan fito cikin mako 3, amma lokacin cunkoso ne. Mai son tafiya a Yuli, fasfonsa da takardar karɓa daga makaranta su kasance a hannu tun Afrilu, kafin ya je Abuja a ɗauki hoton yatsunsa.

A nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Jami'in biza ya san Turanci ne harshen gwamnati da na karatu a Najeriya, saboda haka zai so ya ga dalilin zuwa har Ingila koyonsa, da hujjar cewa za ka dawo. Karɓo wasiƙa daga sashenku mai nuna cewa kai ɗalibi ne, da ranar komawa aji. Kawu ya rubuta tasa, ya bayyana dangantakarku, ya haɗa da bayanan asusunsa na banki na watannin baya da shaidar sana'arsa. Kada a kuskura a zuba wasu miliyoyi a asusunka ana saura mako guda. Kuɗin da ba a ga tushensu ba sun isa a hana ka. Kuɗin biza ba a mayarwa, don haka kafin a biya makaranta ka karanta sharaɗinta: nawa za ta dawo maka da shi in aka hana ka? Kuma wannan biza ba ta halatta aiki, kada wani dillali ya ruɗe ka.

Masauki, ni a ganina zama da iyali ya fi ɗakin ɗalibai, don a teburin cin abinci harshe ke warwarewa. Sai dai ka rubuta musu tun farko cewa abincin halal kake ci, ka kuma tambaya ko akwai kare a gidan. Landan akwai tsada. Manchester ta fi sauƙi, ga masallatai. Ka shirya wa doguwar rana: a Yuli sai bayan ƙarfe 9 na dare ake Magariba.

Wata ɗaya zai gyara maka kunne, ya cire maka tsoron buɗe baki, amma takardar da za su ba ka ba ta maye gurbin IELTS, jarrabawar auna Turanci da jami'o'in waje ke nema. In burinka digiri na biyu a waje ne, zaɓi ajin shirin IELTS, ka dawo ka rubuta jarrabawar a nan gida da zafinta.