Amsa: Yaya ake zuba tagulla ta zama siffa, kuma ana yi a Kano?

Malam, ka tambayi yadda ake ƙera kawunan tagulla irin na birnin Benin da ke Jihar Edo, da ko muna da masu yi a nan Kano. Ga abin da na sani.

Aikin da yumɓu da kakin zuma ake yin sa. Maƙeri zai gina siffar da yumɓu, ya shafe ta da kaki, ya zana ido da tsagar fuska da tsinke. Sai ya lulluɓe ta da laka, ya bar ƙofa, ta bushe kwana da kwanaki. In aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a kwarara narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Ta huce, a fasa lakar. Shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya sak. In kuwa laka ta tsage, wahalar makonni ta tashi a banza.

A Benin sana'ar gado ce, a Titin Igun, asali Oba, wato sarkin Benin, suke yi wa aiki. Dubban kayansu ne sojojin Ingila suka kwashe a 1897.

Mu nan Kano, saboda addini, ba a ba siffar mutum ƙarfi ba. Maƙeran farinmu, masu aikin tagulla da azurfa, sun fi karkata ga kayan doki da adon mata: likkafa, munduwa, zobe. Ka leƙa Kasuwar Kurmi ka ɗaga tsohuwar likkafa, ka ji nauyinta a hannu. Abin da ke damuna shi ne kayan kanti masu araha sun danne su, yara kuma ba sa son zaman zuga-zugi.