Kar ka kama shi da hannu, ko ta wuya

Malam, ka ce ka ga ɗan ƙaramin maciji baƙi wuluk mai sheƙi a gonarka ta bayan Daura, kana tambaya ko za a iya kama shi ta wuya a jefar. A'a, kar ka taɓa shi. Sa doguwar sanda ka ture shi cikin bokiti, ko ka ƙyale shi ya shige ƙasa abinsa.

A cikin irin waɗannan akwai mai zama a ƙarƙashin ƙasa, wanda Turawa ke kira Atractaspis, yakan fito da dare bayan ruwan sama. Haƙorinsa dogo ne, ta gefen baki yake zaro shi ya soka baya, bakin ma a rufe, don haka riƙon wuya ba ya hana shi samun yatsa. Ƙanena ya yi wannan gangancin wata damina, wai ai ɗan mitsitsi ne. Yatsan ya kumbura suntum, ya yi makonni yana jinya. In ya sari mutum, ban da tsaga, ban da ɗauri, a cire zobe, a wuce asibiti nan take.