Amsa: Tana tana cin saiwar albasa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana haƙa fangalin albasarka a fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato ka tarar da tana birjik, har kana shirin sayo maganin feshi. Don Allah ka ajiye kuɗinka.

Tana ba ta cin ɗanyar saiwa. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da kashin dabbobi da ya gauraya da ƙasa. Tana haɗiye su, ta fitar da ɗan curin ƙasar nan mai laushi da kake gani da safe a bakin raminta. Wannan kashin nata taki ne, domin sinadaran da tsiro ke buƙata, irin su naitirojin da fosfaras, sun riga sun narke a ciki, saiwa ta sha kai tsaye. Ramukanta kuma su ke ba ruwa da iska hanyar shiga ƙasa. A laka irin ta bakin gulbin Rima, wadda ke ƙanƙamewa in ta bushe, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Da fatarta take numfashi, shi ya sa take son danshi. A jigawar da ake shuka gero da wuya ka gan ta, balle a zafin watan Afrilu, lokacin da take nutsewa can ƙasa ta lafe.

In ganyen albasarka na yin ɗorawa, ka tumɓuke ɗaya ka duba. Ni gwazarma ko ruɓewar gindi saboda yawan ban ruwa zan fara zargi. Ka ci gaba da zuba ruɓaɓɓen takin shanu, ka daina ƙone karmami a wurin.