Me ya sa irin monarda ya ƙi tsira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, na sayi irin furen monarda da ƙudan zuma ke so, na shuka a tukwane kusan wata guda ke nan amma shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mafi yawan lokaci laifin na binnewa ne. Irin monarda ƙanana ne ƙwarai, kuma sai da haske yake tsira. Idan kika tona rami kika rufe shi kamar wake, zai ruɓe a ƙasa. Ki barbaɗa shi a saman ƙasa mai laima, ki danna da tafin hannu kawai. Ki rufe tukunyar da farar leda, ki ajiye inda ɗumi ya kai digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salsiyos. Cikin mako biyu zuwa uku za ki ga tsiro. Ban ruwa kuma daga ƙasa ake yi: ki tsoma gindin tukunyar cikin faranti mai ruwa, don zuba shi daga sama yana wanke irin.

Monarda ɗan asalin Arewacin Amurka ne, dangin na'a-na'a, ya saba kwana cikin hunturu kafin ya farka. Shi ya sa ake naɗe irin cikin tsumma mai ɗan laima, a sa a leda, a bar shi a firji kwana 30 kafin a shuka, musamman nau'in fistulosa mai fure launin shunayya mai haske. Firji, ba firiza ba.

Da tsiro ya fito, ki cire ledar nan take. Wanda ya bar ta zai wayi gari ya tarar ƙananan sun tsuke a wuya sun kwanta, saboda laima ta yi yawa iska ba ta shiga. Ki fara shuka a ɗaki mako 8 zuwa 10 kafin sanyi mai daskarewa ya ƙare a yankinku. Kafin dashe, ki riƙa fitar da su waje kaɗan-kaɗan har mako guda su saba.

Wajen dashe ki bar tazarar santimita 45 zuwa 60. Kada ki ga fili ki ce ɓarna ce. Babbar cutarsa ita ce farar ƙura da ke lulluɓe ganye, kuma cunkoso ne abincinta. Saiwarsa ma tana yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, har sai an raba gindin duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Nau'in mai jan fure, wato didyma, da fistulosa sau da yawa ba sa fure sai a shekara ta biyu. Idan kina gaggawa, nemi citriodora mai ƙamshin lemun tsami, wanda ke fure a shekarar da aka shuka shi.