Tambaya da Amsa: Wa Ke Ganin Abin da Na Rubuta a Shafin Coci?

Tambaya: Cocinmu ta buɗe shafin intanet mai wurin aika roƙon addu'a da bayar da baiko. Na rubuta batun rashin lafiyar mijina har da lambar wayata. Yanzu hankalina bai kwanta ba. Wa ke ganin wannan?

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya. Ko ba ki rubuta komai ba, da zarar kin buɗe shafi, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, takan rubuta adireshin IP ɗinki (lambar da ake gane na'urarki da ita a intanet), irin burauzarki da lokacin da kika shigo. Idan an saka Google Analytics (manhajar ƙirga masu ziyartar shafi) ko bidiyon wa'azi daga YouTube, to kamfanin Google ma ya san an leƙo. Wannan duk shafuka haka suke.

Fom ɗin addu'a ne wurin da ya kamata a tsaya. A yawancin shafukan da aka gina da manhajar WordPress, saƙon da kika aika yakan tafi imel ɗin wanda aka sa ya riƙa karɓa, sau da yawa kuma kwafinsa ya zauna a ma'ajiyar shafin. Ke nan ba fasto kaɗai ke iya gani ba. Duk mai kalmar sirrin gudanar da shafin zai iya karantawa, har da matashin da ya gina shi kyauta shekarun baya, wanda ba a taɓa cire sunansa ba. Wasu shafukan ma suna da "allon addu'a" da ke wallafa roƙon a fili idan ba a cire alamar amincewa ba, daga nan Google ya ɗauke shi ya nuna wa masu bincike.

Ki duba ƙasan shafin ko akwai bayanin tsare sirri. Ki nemi abu uku a ciki: wa ke karanta saƙonni, tsawon lokacin da ake ajiye su, da wanda za a tuntuɓa a goge. In babu, ki rubuta wa ofishin coci ki ce a goge saƙon daga imel da ma'ajiyar shafin duka biyu. Nan gaba, sunan farko ya isa, kuma ba sai kin faɗi sunan cutar ba.

Batun baiko ya fi sauƙi. Ki tabbata adireshin shafin ya fara da https, alamar cewa ana ɓoye bayananki a kan hanya, kuma lambar katinki ki shigar da ita a shafin kamfanin biyan kuɗi irin su PayPal ko Stripe. Fom ɗin da ya ce ki rubuta lambar kati da lambobi ukun bayansa kai tsaye, ki rufe shi.

Tambaya: Ni aka ɗora wa kula da shafin cocinmu. Daga ina zan fara?

Amsa: Malam, fara da rage abin da kuke tambaya. Mai neman lokacin sujada ba ya buƙatar ba da ranar haihuwa. Ka sani cewa dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, jerin sunayen membobi kuwa shi kansa yana bayyana addini. A wasu wurare fallasar irin wannan jeri na iya jefa mutum cikin hatsari.

Sai ka shiga jerin masu gudanarwa ka cire duk wanda ya bar aikin, kowa ya samu nasa asusun, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri. Takardar shaidar https kyauta ce daga Let's Encrypt, amma wa'adinta gajere ne, don haka ka tabbata tana sabunta kanta. Ka riƙa sabunta ƙananan manhajojin da aka liƙa wa shafin, domin ta tsofaffinsu masu kutse suka fi shiga.

Kuskuren da ya fi yawa ba na masu kutse ba ne. Sakatare ne zai tura sanarwa ga mutum ɗari ya zuba adireshinsu a layin imel na Cc maimakon na Bcc mai ɓoye adireshi, kowa ya ga na kowa. Hotunan yara kuma kada a ɗora sai da yardar iyaye, ba tare da cikakken suna ba, kuma a goge bayanan GPS, masu nuna wurin da aka ɗauki hoton, da waya ke ɓoyewa a cikin hoto kafin a ɗora.